Layin Dogon Bauchi da Bai Taɓa Zuwa Bauchi Ba

TAMBAYA: Malam, kakana ya sha ba mu labarin wani ƙaramin jirgin ƙasa da ya riƙa ratsa yankinmu daga Zariya zuwa Jos, wanda ya ce Turawa suna kira layin Bauchi. Yaushe aka shimfiɗa shi, ta ina ya bi, kuma me ya haɗa shi da Bauchi? Daga wani mai karatu a Saminaka.

AMSA: Kakanka ya faɗi gaskiya, kuma kuza ce ta haifi wannan layi. Da kamfanonin Turawa suka dukufa kan haƙar kuza a tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20, babbar matsalarsu ita ce fitar da ita, domin 'yan dako ne suke ɗauka a ka, su yi tafiyar kwanaki har zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, inda ake zuba ta a jiragen ruwa. Bayan dogo ya iso Zariya da Kano a 1911, gwamnatin mulkin mallaka ta ga ya fi sauƙi a ja reshe daga Zariya zuwa ramukan kuza. Layin ya kai Rahama a 1912, ya kuma kai Jos da Bukuru a 1914, tsawonsa kimanin mil 143.

Hanyarsa ba ta yi nisa da titin motar da kuka sani a yau ba. Daga Zariya ya nufi kudu maso gabas ta Soba da Dutsen Wai, ya biyo ta Rahama, ya wuce Jengre, inda hawan tsauni yake farawa, sannan ya shiga Jos, wadda ta ɗara Zariya tudu da fiye da mita 500.

Dalilin da ya sa kakanka ya kira shi ƙarami shi ne faɗin dogon. Tsakanin ƙarafansa taku biyu da rabi ne, alhali babban layin ƙasar taku uku da rabi ne. An yi haka ne don rage kuɗin gini, amma arha ba ta ado: taragon ƙaramin layi ba zai hau babba ba, saboda haka duk buhun kuzar da ya iso Zariya sai lebura sun sauke shi sun sake loda shi a wani tarago, buhun da ido zai raina amma ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga shi. Kayan da za su hau Jos ma haka ake yi musu.

Batun suna kuwa, a lokacin ginin ƙasar Jos tana ƙarƙashin Lardin Bauchi, Turawa kuma suna kiran tsaunukan da sunan Bauchi, sai a 1926 aka yanke Lardin Filato. Garin Bauchi kansa bai ga jirgi ba sai a 1961, ta wani layin dabam da ya tashi daga Kuru ya kai Maiduguri a 1964.

A ganina, layin ya fara mutuwa tun 1927, shekarar da babban dogo ya iso Jos daga Kafanchan. Daga nan kuza ta samu hanya kai tsaye zuwa Fatakwal ba tare da sauke-sauke ba, kwal ɗin Inugu kuma ya riƙa hawowa ta nan, har aka faɗaɗa guntun da ke tsakanin Jos da Bukuru ya koma babban layi. Ƙaramin jirgin ya ci gaba da jigilar fasinja da amfanin gona na shekara talatin, motocin haya suna ta cin kasuwarsa, har aka rufe layin a 1957. Idan hanya ta kai ka Jos, ka leƙa gidan tarihin garin, inda aka ajiye kawunan jirgin da wasu taragunsa.