Ƙananan Hujin da ke Jikin Filtar Sigari

Tambaya: Malam, na ga wasu ƙananan huji kewaye da filtar sigarin da yayana yake sha, ya ce suna rage illa. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ka gaya wa yayanka ba haka ba ne. Hujin suna shigar da iska ta tsarma hayaƙin, shi ya sa injin da ake gwada hayaƙin sigari da shi yake nuna ƙarancin kwalta da nikotin. Amma mai sha yakan toshe su da leɓe ko yatsu bai sani ba, kuma tunda hayaƙin ba ya ƙona maƙogwaro sosai, sai ya riƙa zuƙa da ƙarfi har can cikin huhu. Saboda wannan ruɗi ne Amurka ta hana kamfanoni kiran sigarinsu "mai sauƙi" (wato "light" a Turance) tun 2010.