Abin da kullen korona ya bar wa masu neman na yau a Jos

Yaya, ka tambaye ni me ya sa mu mutanen Jos muke yawan maganar ciwon damuwa tun bayan korona, alhali ku a Kano kun fi mu ganin jana'iza a watan Afrilun 2020. Gaskiyarka, kun fi mu rashi, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai dai mu kullen fami ya yi mana.

Mun san dokar hana fita tun kafin cutar. An sa mana ita a 2001, da 2008, da 2010, kuma duk ranar da aka ce kowa ya shige gida, to an zubar da jini a wata unguwa. Da Gwamna Simon Lalong ya rufe jihar a wancan watan na Afrilun 2020 don feshin magani, titin Bauchi ya yi tsit, jami'an tsaro suka tare mahaɗa, sai gaban mutumin Unguwar Rogo ko Gangare ya riƙa faɗuwa irin na kwanakin rikici. Ya san cuta ce ake gudu, amma barci ya ƙi zuwa.

Ka kuma tuna yadda muka zo garin nan. Kakannin yawancinmu haƙar kuza da fatauci ne suka kawo su. Kai in abu ya yi tsanani kana da ƙauyen da za a aiko maka da buhun gero, mu kuwa da yawanmu ba gona ba rumbu, sai abin da hannu ya samo a ranar. Ɗan gwari a Farin Gada yana kallon tumatir da kabejinsa suna ruɓewa, ga bashin manomi a wuyansa. Mai keke Napep ya ajiye ta, mai ita yana jiran balas. Malaman makarantun kuɗi su suka fi ba ni tausayi: ba kuɗin makaranta, ba albashi wata da watanni, ga kunyar roƙo don ana ganinsu da mutunci. Adashi ya tsaya. A haka azumi ya kama.

Inda muke sauke nauyin zuciya kuma shi aka rufe. Wanda danginsa ke nesa, majalisa da teburin mai shayi da sahun masallaci su ne danginsa. A can ake lura cewa wane ya rame, a tara masa ɗan abin cefane ba tare da ya buɗe baki ba. Da aka raba mu, magidanci ya zauna a ɗaki da tunaninsa, sai saurin fushi da iyali, sai hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce ciwon damuwa ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya a shekarar farko ta annobar.

Batun zuwa asibiti kan ciwon damuwa da ya dame ka, kana ganin kamar mun bar addu'a, ba mu bar ta ba, Yaya. Muna zuwa wurin malam, muna kuma raka mutum sashen likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Lamingo, ba wanda zai ce ya taɓu. A majalisarmu yanzu, in mutum ya yi kwana biyu bai fito ba, ba ma tsayawa a kiran waya, mutum biyu muke tasa su je har gida su gan shi.