Wace kumfa za mu rubuta a jikin robar?

Yarona, jiya ka tambaye ni wace kalma za a buga a sitikar sabulun ruwanmu, foamy ko frothy ko bubbly, tunda ƙamus ya ce maka duk kumfa ce. Ƙamus bai yi ƙarya ba. Mu kalma ɗaya ta ishe mu. Bature kuwa sai ya duba a kan me kumfar ta tashi, da kaurinta.

Ka ga lokacin da muka zuba texapon, sinadarin da ke sa sabulun ruwa kumfa, a cikin baho muka juya, kumfa fara tas ta taso, ƙwayoyinta ƙanana, ka ɗebo a tafin hannu ta zauna ba ta kwanta ba? Wannan ita ce foamy. Shi ya sa ma a Najeriya ake ce wa katifar soso foam.

Frothy kuwa ka tuna mai shayi idan ya ɗaga kofi sama yana tsiyayawa, ko nono da aka burga da maburgi a ƙwarya. Kumfa ce marar nauyi a saman abin sha, jim kaɗan ta faɗa. A nan nake so ka buɗe kunne. Sabulunmu kore ne, yana ƙamshin lemo, a robar ruwan sha muke ɗura shi. Idan ka ƙara masa kalmar da ke tuna wa mai karatu madara, ka ƙara kusantar da shi ga kayan sha, alhali gidajen da muke kai wa cike suke da yara. Ban yarda ba.

Bubbly na abin da kake ganin ƙwayoyin iska ɗaya-ɗaya suna tasowa ne, har mutum mai fara'a sukan ce masa haka. Fizzy na lemon kwalba ne mai gas. Sudsy ruwan wanki ne da omo ya cika.

Saboda haka rubuta foamy. In na wanka muka yi, a sa rich lather, wato kumfar da ke tashi idan an cuɗa a jiki.

Amma kar ka yi wa mai saye alƙawarin da ruwansa zai karya. Ruwan rijiyar da ke da sinadaran calcium da magnesium da yawa yana kashe kumfar sabulun sanda, namu na ruwa ya fi jurewa. Gobe ka ɗebo ruwan rijiyar bayan shago da na famfo, mu gwada duka biyun kafin a kai wa mai buga sitika.