Tambayoyin Fasaha: Shin waya za ta iya gane asali da shekarun dardumar Kurdawa?

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Kano ya rubuto cewa ya sayo darduma a Istanbul, mai shagon ya ce masa saƙar hannu ce ta Kurdawan garin Bijar na Iran wadda ta haura shekara 100. Da ya dawo gida ya haska ta da Google Lens, sai ya ga irinta da farashi mai tsada, yana tambaya ko hakan ya tabbatar da maganar.

Alhaji, bai tabbatar da komai ba, kuma wannan ɗabi'a ta miƙa wa manhaja hukuncin da ido da hannu ya kamata su yanke tana ci mini tuwo a ƙwarya. Google Lens kamanni kawai yake kwatantawa, ya ɗauki launi da zane ya nemo hotunan da suka yi kama da su a intanet, alhali zane shi ne abin da ya fi sauƙin kwaikwaya a duk jikin darduma. Zanen Herati, mai fure da ganyaye masu kama da kifi kewaye da shi, wanda ake yawan gani a saƙar Bijar, ana yin sa a garuruwa da dama na Iran, injina ma suna fitar da shi kullum. Kai da ba za ka sayi shadda ba sai ka murza ta da yatsa, yaya aka yi ka yarda da hoto a kan kayan da ka zuba wa daloli?

Kifa dardumar, domin shaidar tana bayanta. Fara da geza: a saƙar hannu ci gaban zaren tsaye ce, a ta inji kuwa sau da yawa ɗinka ta ake yi daga baya. Kurdawa galibi suna ɗaura kullin da ke zagaye zare biyu daidai wa daida, wanda ake kira kullin Turkiyya. Masaƙan Bijar, a lardin Kurdistan na Iran, suna jiƙa zaren kwance sannan su dake shi da matajin ƙarfe har saƙar ta cushe, shi ya sa dardumarsu take da nauyi da tauri, ake nannaɗe ta maimakon a ninke. Idan taka tana ninkuwa kamar bargo, to ka koma wa mai shagon da tambaya. Dardumar birnin Sanandaj na wannan lardin, wadda 'yan kasuwa ke kira Senneh, siririya ce mai kaushin baya, zaren kwance ɗaya ne tsakanin layukan kulli. Ƙabilar Jaf ta Kurdawa kuma an san ta da fuskokin jakunkuna masu zane mai kusurwa huɗu irin siffar daimon, inda ake gocar da kullin layi ɗaya daga na ƙasansa.

Batun shekaru kuwa rini ne ke magana. A 1856 William Perkin ya haɗa rinin sinadari na farko a Ingila, don haka duk dardumar da ke ɗauke da irin wannan rini an saƙa ta ne bayan wannan shekara. Buɗe gashin da yatsu biyu ka kusanto da kyamara: idan shunayya ta koɗe a sama ta koma toka-toka amma gindinta na nan da haske, alamar rinin sinadari ce ta farko-farko. Shuɗin baba, irin wanda ake rini da shi a Ƙofar Mata, ba ya saurin koɗewa haka. Baƙin da aka kama da ƙarfe yana cin ulu a hankali, sai ka ji wurin ya lotsa idan ka shafa. Duk da haka akwai masu wanke sabuwar darduma da sinadari ko su shanya ta a rana don ta yi kama da tsohuwa, saboda haka hotunan da ka ɗauka gwanin darduma za ka kai wa.

Wata Hajiya daga Damagaram ta ce jan dardumarta yakan koma ruwan goro a hoto, kuma wanda ta tura wa ta WhatsApp bai ga kullin ba.

Hajiya, fitilar ɗaki ce ke ruɗa kyamarar. Ki fitar da ita inuwa da hantsi, ki kashe duk wani tace launi, ki ajiye farar takarda a gefe domin wayar ta daidaita fari. Ki tura hoton a matsayin fayil, don WhatsApp yana matse hotunan da aka tura kai tsaye.

Wani ɗalibi ya tambaya ko gwajin kabon 14, wanda ake auna tsufan abubuwa irin su ulu da shi, zai ba da ainihin shekarar saƙa.

Ba zai bayar ba. Tsakanin wajen 1650 da 1950 gwajin yakan fitar da shekaru da yawa masu yiwuwa, kuma yawancin dardumomin Kurdawa da ke kasuwa ba su girmi wannan zango ba. Amfaninsa shi ne tona asirin ulun da aka aske bayan 1955, saboda gwaje-gwajen makaman nukiliya sun ƙara kabon 14 a iska. Binciken rini a ɗakin gwaji ya fi amfani, kuma duka biyun sai an yanki ɗan zare.

Wani kuma yana neman manhajar ƙirga kulli.

Malam, rula ta ishe ka. Ɗora ta a bayan dardumar, ɗauki hoto, faɗaɗa shi, ƙirga kullin santimita ɗaya a tsaye da a kwance, ka ninka wannan da wancan. Kullin Turkiyya yakan nuna ƙullutu biyu, kada ka ƙirga shi sau biyu, amma a saƙar Bijar ɗayan yana ɓuya a ciki. Yawan kulli laushin aiki yake nunawa, ba tsufa ba, kuma saƙar makiyaya dama ba ta cika yawan kulli ba.