Gidan talabijin ɗinmu zai koma IP, intanet ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen injiniyoyi na wani gidan talabijin mai zaman kansa. Shugabanninmu sun ce za mu bar SDI mu koma IP. Hotunan kyamarorinmu za su riƙa bi ta intanet ke nan? To ranar da sabis ya ɗauke fa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, babu ruwan wannan da data ko sabis ɗin kamfanin waya. IP yare ne da na'urori ke magana da shi. Intanet ma da shi take aiki, amma abin da gidajen talabijin ke kafawa hanyar sadarwa ce ta cikin gida, a rufe take, ko intanet ta ɗauke tana nan tana aiki.

Ka fi ni sanin SDI, wato tsohon tsarin tura hoton bidiyo daga na'ura zuwa na'ura ta waya. Tun 1989 ake amfani da shi, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: waya guda, hoto guda, ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa in ka leƙa bayan akwatunan na'urorinku za ka ga wayoyi a cukurkuɗe kamar taliya, kowace da ɗan farin tef da aka rubuta lambarta. Hoton HD yana cin kusan gigabit 1.5 a daƙiƙa, na 4K kuwa yana kai wa 12. Ita kuma na'urar rarraba hotunan, ƙofofinta a ƙidaye suke. Da sun cika sai sayen wata.

A 2017 ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta Amurka, wato SMPTE, ta fara fitar da tsarin ST 2110 na tura hoto da sauti ta IP. Abin da ya yi shi ne raba kaya: hoto daban, sauti daban, ƙarin bayanai irin rubutun ƙasan allo daban, kowane na tafiya a ƙananan ƙunshi. Mai haɗa sauti sai ya ɗebi sautin kawai, ba sai an jibgo masa hoton ba. Zaren faiba guda mai gigabit 100 yana ɗaukar gomman hotunan HD, kai da komowa. A kan wannan tsari BBC ta gina sabuwar cibiyarta ta Wales da ke birnin Kadif.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Tunda an raba hoto da sauti, dole a sake haɗa su daidai a ƙarshe. Saboda haka kowace na'ura tana saita kanta da babban agogo guda ta tsarin daidaita lokaci da ake kira PTP, shi kuma galibi daga GPS yake karɓar lokaci. Agogon nan ya rikice, sai ka ga bakin mai karanta labarai ya rufe amma muryarsa na ci gaba. Ga kuma neman matsala: a SDI ka bi waya da hannu ka gano inda ta tsinke, a IP kuwa sai ka zauna gaban kwamfuta kana binciken suwic, wato akwatin da ke haɗa na'urorin a hanyar sadarwar. Don gudun ɗaukewa, ana gina hanyoyi biyu a tura komai ta kowacce, wato ST 2022-7. Kuɗin ma biyu ne, wannan kuma ba kasafai dillalai ke fara faɗa ba.

In tasharku kyamarori shida ne ko takwas, ni dai ban ga dalilin zubar da SDI ba. Akwai na'urorin da ke haɗa tsarin biyu, a shiga a hankali. Kai kuma fara koyon sarrafa suwic tun yanzu.

Tambaya: Malam, muna yaɗa tafsiri kai tsaye a YouTube da kyamarori uku. Wannan tsarin zai yi mana?

Amsa: Ya fi ƙarfin buƙatarku, da aljihunku ma. Ku duba NDI, wani tsarin tura hoto ta IP wanda kamfanin NewTek ya sanar da shi a 2015. Yana matse hoton ya dawo megabit ɗari da wani abu, don haka suwic mai gigabit 1 da wayar sadarwa ta Cat6 sun ishi kyamarori uku, kuma manhajojin yaɗa bidiyo na vMix da OBS duk suna karɓarsa, sai dai OBS na buƙatar ƙarin manhaja. In kyamarorinku ba su zo da NDI ba, akwai ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa gare shi. Kada dai ku dogara da Wi-Fi a cikin cunkoson masallaci, ku ja waya.