Kaka ta shigo, kai kana neman almakashi

Ɗana, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Saƙonka ya iso. Ka ce an ba ka aji ɗaya da aji biyu a makarantar ikilisiya, hedimasta kuma ya ce ka kawo tsarin abin da yara za su yi a wannan zangon farko kafin godiyar kaka. Ka turo mini hotunan wata makarantar Kirista a Amurka, yara sun manna jajayen ganyaye a bango, sun zana ido da baki a jikin kabewa, kana tambaya ko ka sayi kwali mai launi ka yanka irinsu. A ƙasa kuma ka ƙara da cewa kuna da 'yar gonar makaranta, wani daga cikin iyaye ya ce in an girbe zai ajiye muku amfanin a gidansa.

Da ba don wannan layi na ƙarshe ba, da ban amsa ba. Idona ba ya son rubutu a waya.

Bari in fara da hotunan. Su can, daga Satumba zuwa Nuwamba itatuwansu kan rikiɗa su yi ja da rawaya su zubar da ganye, yaro ya fito ƙofar aji ya tsinta. Malamarsu ba ta sayi kaka a shago ba, abin da ke ƙofarta ta ɗauka. Kai kuma kana zaune a garin da aka shanya gyaɗa a kowace ƙofar gida, an jingine damman gero, dawa ta fara sunkuyar da kai, amma sai da ka shiga intanet ka ga yadda kaka take. Wannan ita ce cutarku, 'yan takardar malanta ta NCE. Kome sai an buga muku a injin. Mu da muka fito kwalejin horon malamai ta Gindiri da takardar Giredi Tu, aka tura mu ƙauye lokacin UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, yara sun cika aji har taga, ba littafi ba kwali, alli ma sai an karya shi biyu. Ba mu taɓa cewa babu kayan koyarwa ba.

Yadda ake rubuta shirin darasi, da kiran rajista, da jera yara, kada ka tambaye ni. In ba a koya maka wannan a kwaleji ba, ka je su mayar maka da kuɗinka.

Ka ce kowane yaro ya zo da sillen kara, ka yanka su tsawon yatsa. Goma-goma za su riƙa ɗaurewa da zare, kowane ɗauri sunansa dami. Yaron da ya taso a gidan noma ya san dami tun kafin ya san sunan kakansa. In ka rubuta 23 a allo ka ce dami biyu da sille uku, ya gane, kuma ba zai sake rubuta maka 32 ba. Ranar da za ku shiga ɗebewa, ka ce a cire 7 daga 23, da kansa zai kwance dami guda, don sille uku ba za su isa ba. Abin da kuke kira aro kenan, kuna ta zana kibiya a allo yara na hamma. Da Hausa za ka yi wannan, ko da yaren garin in ka iya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma cewa ta yi a fara da harshen da yaro ke ji. Turanci zai zo. Iyayen da ke son jin ɗansu yana rera waƙar Turanci wadda bai san ma'anarta ba, ka ba su waƙa guda ranar rufe makaranta su yi tafi, ka koma aikinka.

Gyaɗa mai ɓawo ta ƙirga bibbiyu ce, don yawanci ƙwaya biyu ke ciki. 'Yan aji biyu kuma ka ba su masara busasshiya su ƙirga layukan ƙwayar. Wani zai sami 12, wani 14, wani 16. Ka rubuta duka a allo, ka ce duk wanda ya kawo mai layi 13 ko 15 za ka ba shi biro. Za su kwashe mako suna birkita rumbun iyayensu. Layin masara bibbiyu yake fitowa, biron ka yana aljihunka, su kuwa sun koyi bambancin lambar da ke rabuwa biyu daidai da wadda ba ta rabuwa, ba tare da ka yi musu dogon bayani ba.

Amma ka buɗe ido. Ɗan shekara shida yakan cusa ƙwayar wake a hanci ko a kunne, wake kuma yakan kumbura in ya ji danshi. Ka ƙirga abin da ka raba, ka ƙirga abin da ya dawo. Irin shuka da aka shafa wa magani, mai launin ja-ja ɗin nan, kada ya shigo ajinka ko ƙwaya ɗaya, haka waken da aka sa wa maganin ƙwari don ajiya. Duk abin da ka ba yaro ya ƙirga, ka ɗauka zai ci.

Darasin Littafi Mai Tsarki a wannan lokaci ba ya bukatar dabara. Rut tana kala a gonar Bo'aza: rabin ajinka da yamma kalar gyaɗa suke zuwa, sun san kunyar bin bayan masu girbi, sun san mai gona mai kirki da mai kora. Ka tambaye su, su za su koya maka labarin. Misalin mai shuka na Matiyu sura 13 kuwa, gwangwanin tumatir huɗu ya ishe ka. Ɗaya ka cika da ƙasar hanya ka danne ta da dutse, ɗaya tsakuwa da 'yar ƙasa a sama, ɗaya ƙasa mai ciyawa, ɗaya ƙasar bola. A shuka wake, a ajiye a taga, monita ya riƙa ba da ruwa. Kafin mako wake ya tsiro, kafin mako uku na tsakuwa ya fara yaushi in aka tsallake ruwa kwana biyu. In akwai 'ya'yan Musulmi a ajinka, kuma da wuya a rasa, ka kawo labarin Yusufu da shekaru bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa. Sun san Annabi Yusuf daga gida, sai ka ga hannuwansu sun tashi.

To, yanzu gonar nan da mai alkawarin ajiya.

Zamanin Babangida ne, SAP, shirinsa na tsuke bakin aljihu, ta fara cizo, kome ya yi tsada. Ina koyarwa a wata makarantar mishan a ƙauye, yaran aji ɗaya a kan tubali suke zama, allo a cinya. Bayan majami'a akwai fili da ya daɗe ba a noma ba. Na roƙi dattawa suka ba mu. Na ce za mu noma masara mu sayar, mu yi benci. Ba wanda ya ba ni kwabo. Kuɗin huɗa da shanu daga albashina, takin zamani bashi na ci wurin wani ɗan kasuwa, kafinta ma na ba shi kafin alƙalami don ya fara neman katako. Manyan azuzuwa suka yi noma da maimai, nawa ƙanana suka yi shuka, suka cire ciyawa da hannu, suka kori akuyoyi. Damina ta yi kyau. Da muka karye masara, muka shanya a dandamalin majami'a, yara suka ɓare da hannu har manyan yatsunsu suka yi ƙuna.

Kuma su suka auna. Wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Na mai da awon darasi: kowane mudu aka zuba a buhu, yaro guda ya ja layi a allo, layi goma a zagaye. A awon kasuwarmu mudu 80 ke cika buhu. Muka sami buhu 6 da mudu 27. Lambar nan ta yi wata guda a kusurwar allo ba a share ba. Na samo ragowar fenti, na sa wata yarinya 'yar aji uku ta rubuta AJI 3 a jikin kowane buhun algarara. Yarinyar nan ba ta taɓa rubuta 3 daidai ba, kullum sai ta juya shi ya kalli baya. Na gaji da gyara, na bar ta.

Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai mutum ne mai babbar riga, kujerarsa a sahun gaba ranar Lahadi, yana da shago da ɗakin ajiya mai siminti. Ya zo ya ce, Malam, sayar da hatsi da kaka ai asara ce, bari in ajiye muku, sai Yuni ko Yuli farashi ya ninka, ku yi benci har da tebur. Maganarsa gaskiya ce, kowa ya san haka hatsi yake. Fasto ya yarda, hedimasta ya yarda. Aka zo da amalanke aka kwashe. Takarda? Wa zai ce wa dattijon ikilisiya ya sa hannu a takarda, a gaban fasto?

Yuni ya zo, ya ce a ƙara haƙuri, farashi bai gama tashi ba. Yuli ya zo, ya yi tafiya. Da ya dawo na tare shi a shago, ya kama hannuna, ya ce wani abin baƙin ciki ya faru, ƙwari da ɓera sun gama da masarar, ya zubar. Na ce a nuna mini inda aka zubar. Ya ce kaji sun tsince. Buhu shida! Na ce to buhunan fa? Ya ce su ma ɓera ya yayyaga. Sannan ya ɗaure fuska, ya ce shi bai saba yaro ya tuhume shi ba. Ni, mai mata da 'ya'ya uku, yaro.

Mai taki ba ya jin labarin ɓera. Kafinta ya riƙe kafin alƙalami, ya ce ya riga ya sayi katako. Kekena Rale, wanda na saya da albashina na farko-farko, wanda nake kai matata asibiti a kai, shi na kai kasuwa. Daga ranar a ƙafa nake zuwa karɓar albashi.

Kaka ta zagayo, ranar godiya. Ka san yadda ake yi: zumuntar mata na waƙa, gida-gida ana fitowa da rawa, wannan da doya, wannan da zakara, wannan da damin dawa. Sai ga mutumin nan a gaba, yaran shagonsa biyu a baya ɗauke da buhun masara cikakke, majami'a ta ɗauki guɗa. Suka dire buhun gaban bagade. An juya shi ciki waje, amma fenti ya ratsa algarara. Yaran makarantar Lahadi suna zaune a ƙasa dab da wurin. Yarinyar nan ta miƙe tsaye, ta nuna da yatsa, ta ce da ƙarfi, Malam, ga ukuna! Da yake an juya buhun, karon farko kenan da 3 ɗinta ya fito daidai.

Uwarta ta fizge ta ta toshe mata baki. Mai ganga ya ƙara ƙarfi. Aka yi gwanjon buhun bayan sujada, shi da kansa ya saye da tsada, aka yi masa tafi.

Na kai ƙara majalisar dattawa. Aka zauna har dare. Ƙarshenta aka buɗe mini Matiyu sura 18, aka karanta mini yawan gafarar da ake bin ɗan'uwa, aka tuna mini cewa mutumin ya yi alkawarin kwanon rufin sabuwar majami'a. Ba wanda ya buɗe masa labarin Zakka mai karɓar haraji, wanda ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Aka sa muka yi musafaha. Na ce na yafe, kuma ina roƙon Allah ya sa hakan ya tabbata, amma har yau in na ga keke Rale sai na juya na kalla. Litinin da safe wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ni ko ɓera yana iya kai buhu coci. Na ce ya buɗe littafinsa. Yaran nan a kan tubali suka gama firamare ta ƙasa.

Saboda haka, mai alkawarin nan naka, ka gode masa, ka ce a'a. Ban san shi ba, yana iya zama mutumin kirki, ba ruwana. Ranar da aka auna, ranar za a sayar, ko da farashi ya faɗi ƙasa warwas, kuɗin kuma ya wuce kai tsaye hannun kafinta ko mai littattafai, yara su ga abin da guminsu ya saya kafin hutun Kirsimeti. In dole sai an ajiye, a ɗakin makaranta, kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin hedimasta, ɗaya wurin shugabar zumuntar mata. Matan nan sun fi mu iya riƙon amana, kuma ba sa jin kunyar babbar riga. A rubuta adadin, mutum uku su sa hannu, a karanta a sanarwar Lahadi. Kuma kada ka sa ko naira ɗaya ta aljihunka. Na san ku ma ba ku da wannan halin, kuɗinku na data ne.

Saura ƙanana. Fita waje ka yi ta kafin tsakiyar Nuwamba, don in hunturu ya sauka da safe yara tari suke, leɓe a fashe. In akwai gawo kusa, ka kai su su gani: sauran itatuwa na shirin zubar da ganye, shi a lokacin yake yin kore, su zana shi yanzu su sake zana shi da damina. Kada ka bar yaro ya ɗaga tarin kara ko dami da hannu, maciji da kunama can suke fakewa, kai za ka fara juyawa da sanda. In an yanke dawa, ka ba su Juma'a guda su yi motar kara, kada ka nuna musu yadda ake yi, sun fi ka iyawa. Ka dai sa su ƙirga ƙafafun motocin ajin gaba ɗaya, hurhuɗu.

Rajistarka za ta yi gibi ranar kasuwa da makon cirar gyaɗa. Kada ka doki yaro a kan haka, uban ka je ka gani. Almakashin kuma, in ka riga ka saya, ka ba matarka.