Filin Farko: Amsar Maigida ga Yaronsa

Yarona, jiya muna ɗaure rodi ka ce mini adashinka ya kusa fita, ka tara abin da ka tara a shekarun da ka yi a hannuna, kana so ka sayi gida ka zauna a ciki ka kuma ba da haya. Ka tambaye ni ginanne za ka nema ko fili. Ban amsa maka ba saboda leburori na wurin. Yanzu ka saurara.

Kai magini ne, don haka fili za ka saya. Wanda ya sayi ginanne ya biya ladan hannun wani, kai kuwa hannun naka ne. Ga shi kuma falasta da fenti suna rufe aibi, ka sha ganin bangon da muka kankare muka tarar da bulo yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Amma fili ma iri-iri ne, kuma abu biyu ke kayar da mutum a kansa: takarda da ruwa.

Takarda tukuna, don ita ce ta taɓa cin kuɗina. Ina saurayi na sayi fili a bayan gari da takardar ciniki, da shaidu, da hatimin mai unguwa. Na zuba yashi da tsakuwa, sai ga wani bawan Allah da takarda irin tawa sak, tasa ma ta girmi tawa. Wanda ya sayar mana ya bar gari. Har yau idan na bi ta hanyar nan raina yana sosuwa.

A nan Kamaru, tun dokar ƙasa ta 1974, shaidar mallaka da hukuma ta sani ita ce titir fonsiye. Filin da ba shi da ita yana cikin ƙasar da gwamnati ke riƙe wa al'umma. Takardar jauro ko lawan tana da amfaninta, tana nuna an san ka a wurin, kuma kada ka kuskura ka raina su, amma ba ta kai titir ba. Idan mai fili ya ce yana da titir, karɓi lambarta ka tafi ofishin ajiyar takardun filaye ka nemi shaidar mallaka. Nan za ka ga sunan mai shi na gaskiya, ka ga ko an jinginar da shi a banki. Cinikin fili mai titir a gaban noter, wato wanda doka ta ba ikon rubuta ciniki da tabbatar da shi, ake yin sa, in ba haka ba doka ba ta san an yi ba. Idan yanki za a yanka maka daga babban fili, sai mai awon ƙasa ya zo ya kafa duwatsun iyaka, a fitar maka da taka titir da sunanka. Filin gado kuwa, kada ko dala ta fita daga aljihunka sai duk magada sun yarda, har da matan da ke aure a wani gari. Su ake mantawa, kuma su ne ke da haƙƙin dawowa.

Sai ruwa. Dillali da rani yake nuna fili, kai kuma da damina za ka duba shi, cikin watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ka ji labarin abin da Binuwai ya yi wa mutanen Garwa a 2012, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo. Ka dubi bangon maƙwabta, ruwa yana barin zanensa. Ka tona rami ka ga ƙasar. In baƙar laka ce mai tsagewa da rani, wadda Fulani ke kira karal, tana kumbura tana motsa gini, harsashinta zai ci maka rodi da siminti har arhar filin ta zama tsada.

Batun haya ba shi da wuya. Nemi inda mutane ke da dalilin zama: kusa da kasuwa, tasha, asibiti ko makaranta. Dubi yadda ɗakunan ɗalibai suka cika unguwar Dang saboda jami'ar Ngaundere. Fara da katanga, masai da ruwa, sannan ɗaki biyu ko shago a bakin hanya, kai ka zauna a ɗaya. Kuɗin hayar ya sayi bulon ɗaki na gaba. In kana lissafi, ɗauki wata goma a shekara, sauran biyun na gyara ne da ɗan hayan da zai zo maka da uzuri.

Akwai Crédit Foncier mai ba da bashin gida, amma su ma titir za su fara tambaya da shaidar kuɗin shiga na kowane wata, mu kuwa aikinmu yau akwai gobe babu. Ga maganar riba, wadda sai ka zauna da malaminka. Ni dai a hankali na gina nawa, buhu goma yau, ashirin bayan an biya mu.

Filin nan da dillali ya nuna maka ta wajen Jambutu, ce masa ya kawo lambar titir. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci mu je tare, ka taho da diga da igiyar awo.